Filin Gyaran Kwamfuta: Injin mai askin Aboabo da baƙar tagar MAME

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na wannan wata duk sun faɗo kan abu guda, wato MAME, manhajar da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi injunan gem na da, masu cin kwabo. Sauran tambayoyin, na firinta da na waya, na ajiye su sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Masta, barka da aiki. Ni mai aski ne a Aboabo. Na sa kafinta ya haɗa mini akwatin katako mai tsayin mutum, na saka tsohuwar kwamfutar ofis da na saya a Adum a ciki, da sanduna biyu da maɓallai shida-shida, don yaran da ake kawo mini aski su daina kuka kafin layi ya zo kansu. Ɗan yayata ne ya saka mini MAME kafin ya koma makaranta Tamale. Ya nuna mini wata baƙar taga da ake rubuta umarni a ciki, ya bar mini 'yan layuka a bayan kalanda. Matsalata biyu. Duk abin da na rubuta a tagar nan sau ɗaya yake aiki, gobe sai na sake. Na biyu, Pac-Man yana fitowa ɗan siriri a tsakiyar allo, sai wani yaro ya buɗe wani fayil ya canza abin da ban sani ba. Yanzu Pac-Man ya cika allo amma sai an karkata kai, 'yan damben Street Fighter ma a kwance suke faɗa. Ina tsoron taɓawa kar in ƙara ɓatawa.
Daga wani mai aski, Aboabo, Kumasi.

AMSA: Ɗan'uwa, barka kadai, Allah ya ba da kasuwa. Wasiƙarka ta tuna mini lokacin da muke yara muna tara sulen sidi ɗari na tsohon kuɗi, wanda aka canza a 2007, mu ruga wani ɗan kanti a wajen Alabar inda aka girke injin Street Fighter II guda ɗaya tal. Maɓallin babban naushi na ɓangaren dama ya lotsa, sai ka danna da babban yatsa ka ɗan murza kafin ya amsa, kuma babu yaron unguwar da bai san haka ba, shi ya sa ake rige-rigen tsayawa a hagu. Capcom ta fitar da wasan a 1991, mu kuwa sai da injin ya sha jiki a wata ƙasa kafin ya iso mana. Akwatin injin na Alabar ya daɗe da zama makamashi. Abin da ya hana wasan bin sa shi ne aikin da wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara, ya fitar da MAME ta farko a watan Fabrairun 1997, masu aikin sa kai suka ci gaba da shi har yau, kusan duk wata sai sun fitar da sabuwa. Babban burinsu shi ne adana yadda injunan suke aiki daga ciki, saboda haka ba su damu da yi wa manhajar kwalliya ba. Linzaminta na gaskiya yana cikin baƙar tagar da kake jin tsoro.

Da yake Aboabo ba nisa, na biyo ta shagonka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muka gyara tare. Ina rubuta abin da muka yi ne don ya zame maka madadin bayan kalandar, sauran masu karatu kuma su amfana.

Matsalarka ta farko ba lalacewa ba ce, haka aka gina manhajar. Umarnin da ka rubuta a baƙar taga kamar abin da mutum ke gaya maka ne yana zaune a kujerarka: yau a rage gefe, a bar sama. Da ya tashi, maganar ta tashi. Abin da kake so ya zauna daram sai an rubuta shi a wani fayil mai suna mame.ini, wanda MAME ke karantawa duk lokacin da ta tashi. Wanda ba shi da fayil ɗin, ya buɗe foldar da MAME take, ya danna kan layin adireshi na sama, ya rubuta cmd, ya buga Enter. Baƙar taga za ta buɗe daidai cikin foldar. Sai ya rubuta:

mame -createconfig

A tsofaffin fitowa sunan manhajar mame64 ne, sai a rubuta hakan a madadin mame. Wanda kuma yake da fayil ɗin tun da farko, kamar kai, ya kwafe shi ya ajiye a gefe kafin ya taɓa komai. Daga nan a buɗe shi da Notepad. Tsawonsa zai ba ka tsoro, amma kusan duka ba ruwanka da su.

Sunayen saitin iri ɗaya ne a wuraren biyu, rubutun ne ya ɗan bambanta. A baƙar taga ana sa karan-ɗori a gaban suna: mame sf2ce -window zai buɗe wasan Street Fighter II Champion Edition, wanda MAME ke kira sf2ce a taƙaice, cikin 'yar taga, mame sf2ce -nowindow zai cika allo. A cikin fayil kuwa babu karan-ɗori, sai suna, sarari, sannan 1 in ana so ko 0 in ba a so, wato window 1 ko window 0. Ni yadda nake aiki, kuma haka nake koya wa yaran shagona, shi ne in gwada abu guda a baƙar taga, in gani da idona, in ya yi sannan in kai shi fayil. Abu guda na ce, ba biyar ba. Wanda ya canza biyar lokaci ɗaya allo ya yi duhu, bai san wa zai kama ba.

Yanzu ga maganar kwanciyar 'yan dambe. Da muka buɗe mame.ini muka gangara sashen juya allo, sai ga shi: ror 1. Wannan saitin yana nufin a juya hoto zuwa dama. Yaron bai yi wauta ba, ya gano abu na gaskiya. Pac-Man, wanda Namco ta yi a 1980, an yi shi ne don allon da aka tsayar a kan gefensa cikin akwati, faɗinsa ɗigo 224, tsayinsa 288. Haka Galaga na 1981 da wasan Capcom mai suna 1942, su ma masu tsayi ne. Sirancin da kake gani shi ne ainihin surar wasan. Kuskuren yaron wurin da ya rubuta dokar ne, ya sa ta a fayil ɗin da ya shafi kowane wasa, sai ta kwantar da masu tsayi da masu faɗi gaba ɗaya.

A nan nake so kowa ya tsaya ya fahimta, don mafi yawan kwamfutocin da ake kawo mini da sunan MAME ta haukace, nan ne ciwonsu. Fayilolin saiti ba ɗaya ba ne, hawa-hawa ne. MAME tana fara karanta mame.ini, dokar kowa da kowa. Sannan ta duba ko wasan mai tsayi ne ko mai faɗi, ta nemi vertical.ini ko horizont.ini, kuma a lura da rubutun na biyun, haruffa takwas ne, a guntule yake. Can gaba ta nemi na dangi, misali neogeo.ini ga duk wasannin injin Neo Geo, sannan na uwar wasan in shi reshen wani ne, sannan na wasan kansa, kamar sf2ce.ini. Duk wanda aka karanta daga baya yana danne na gabansa a kan layin da suka yi saɓani. Abin da ka rubuta a baƙar taga kuwa ya danne su duka. Kamar zaman zango ne: akwai abin da unguwa ta yarda da shi, akwai tsarin kowane gida, amma in mai abu ya zo da kansa ya yi magana, tasa ake bi. Ba dole ne ka mallaki fayilolin nan duka ba. Wanda babu, MAME ta wuce shi shiru. Wanda kake buƙata, ka ƙirƙira da Notepad, ka sa layin da kake so kaɗai, ka ajiye a foldar ini.

A shagonka allon a kafe yake cikin katako, saboda haka muka mayar da ror 0, 'yan dambe suka miƙe tsaye, Pac-Man ya koma sirancinsa. Wanda yake da irin allon ofis da ake iya juyawa da hannu, ya sa autoror 1, ko autorol 1 in ta hagu allonsa ke juyawa, sai MAME ta juya wasanni masu tsayi kaɗai. Ka roƙe ni in kashe keepaspect, saitin da ke riƙe awon hoto na asali, don hoto ya cika allo, na ƙi, kuma har yanzu ina kan bakana. Wasannin nan an zana su ne don allon talabijin na da, mai awon huɗu bisa uku. In ka ja su suka cika faffaɗan allo, kowa ya zama gajere mai tumbi, da'ira ta zama ƙwai, tazarar tsalle ma ido ya daina auna ta daidai. Baƙin gefe da gefe bai cutar da kowa ba.

Akwai wani tarko da muka tarar, ɗan yayarka ma ya faɗa ciki. Ya yi maka fayil na rage sauti don Street Fighter, amma bai taɓa aiki ba, domin Windows tana ɓoye wutsiyar sunan fayil. Kai kana ganin sf2ce.ini, alhali ainihin sunansa sf2ce.ini.txt, sunan da MAME ba ta nema. Muka sa Windows ta nuna wutsiyoyin, muka yanke txt ɗin, nan take sauti ya sauka. Duk wanda ya yi saiti ya ga kamar ba a ji shi ba, ya fara duba nan. In yana so ya ga abin da MAME ta ɗauka a zahiri, ya rubuta mame -showconfig ya karanta.

Layukan da na bar maka a mame.ini kaɗan ne. Na sa skip_gameinfo 1 don a tsallake shafin bayani na farko, ko da yake gargaɗin cewa wasa bai kammala aiki ba shi ba ya tsallakuwa. Na sa confirm_quit 1 don in yaro ya taɓa Esc a tambaye shi tukun. Na sa joystick 1 saboda sandunanka. Sai volume -12, domin masallaci yana bayan katangarka. Lambar sauti ta ragi ce, 0 ita ce cikakkiyar murya, duk yadda ka yi ƙasa da sifili murya na raguwa. Lokacin salla kuwa ka rufe wasan gaba ɗaya, yaran ma su tashi.

Don kar ka riƙa rubutu kullum da safe, muka yi ɗan fayil mai suna tashi.bat da layi biyu:

cd /d C:\mame
mame sf2ce

Layin farkon ba ado ba ne. MAME tana neman mame.ini da foldar roms, inda ake ajiye wasannin, ne daga inda aka tsaya aka kira ta, in an kira ta daga wani wuri sai ta tashi kamar baƙuwa, ba saiti ba wasa. Muka danna maɓallin Windows tare da R, muka rubuta shell:startup, muka ajiye fayil ɗin a foldar da ta buɗe. Yanzu da ka kunna soket ka ɗauko tsintsiya, kafin ka gama share gashin jiya wasan ya hau.

TAMBAYA: Yaya, ni ɗalibi ne, ina zaune a zangon Ayigya. Na kwafo King of Fighters 98 daga filashin abokina. A tasa kwamfutar yana yi, a tawa kuwa wata taga ce ke walƙiya ta ɓace. Na sake kwafowa sau uku. Ko kwamfutata ce ba ta da ƙarfi?
Daga wani ɗalibi, Ayigya.

AMSA: Ƙanena, ƙarfi bai shigo nan ba tukun. Tagar da ke walƙiya tana gaya maka ciwon ne, ba ka samu karantawa ba. Ka buɗe baƙar taga da kanka yadda na kwatanta a sama, ka rubuta mame kof98, saƙon zai tsaya ya jira ka. Ina kyautata zaton za ka ga jerin sunaye da NOT FOUND a gabansu. Sannan ka rubuta mame -verifyroms kof98, a ƙarshe za ta ce is good ko is bad.

Abu uku nake zargi, na farkon ya fi ƙarfi. Neo Geo, wanda SNK ta fitar a 1990, inji ɗaya ne da ake canza wa kaset, saboda haka kowane wasansa, har Metal Slug, yana buƙatar fayil ɗin injin kansa, neogeo.zip, a cikin foldar roms. Kai kaset ka kwafo ka baro injin. Irin wannan dangantakar tana tsakanin uwa da 'ya ma: pacman reshe ne na puckman, fitowar Japan, kuma a yawancin tarin ROM, wato fayilolin wasanni, reshe ba ya tashi sai uwar tana kusa. Umarnin mame -listclones puckman zai jero maka 'ya'yanta. Na biyu, wataƙila MAME ɗinka da ta abokinka ba sa'o'in juna ba ne. Masu aikin suna sake karanto ƙwayoyin injuna in sun gano na baya da kuskure, sai abin da tsohuwa ta karɓa sabuwa ta ƙi. Na uku, ko dai ka warware zip ɗin ka watsa abin ciki, ko ka canza masa suna. Bar shi a dunƙule da sunansa.

In kana so wasannin su zauna a filashi, ka gaya wa MAME hanya a mame.ini, ka raba hanyoyin da waƙafi mai ruwa: rompath roms;E:\wasanni. A baƙar taga kuma, hanyar da ke da sarari a sunanta sai an rufe ta da alamar zance. Ka kula, filashin da ya zama E yau yana iya zama F gobe in ka riga ka soka wani.

Bayan ya tashi, in kana shakkar ƙarfin kwamfutar, danna F11, lambar gudu za ta fito a kusurwar sama. In tana kan 100 cikin 100, ka bar komai yadda yake. In tana faɗuwa, gwada -video d3d ko -video opengl, ka cire duk wata kwalliyar da ke kwaikwayon tsohon talabijin, sai in duk sun gaza ka koma ga -autoframeskip, wanda ke zubar da wasu hotuna don ya riƙe gudu.

Ka tambaye ni a ƙasan wasiƙarka inda ake sauke wasanni. Wannan ba zan nuna ba. MAME kanta kyauta ce, tun 2016 tana ƙarƙashin lasisin GPL, amma wasannin dukiyar kamfanonin da suka yi su ce, kuma Capcom da SNK da Bandai Namco suna nan da ransu suna sayar da tsofaffin wasanninsu. Akwai 'yan kaɗan da masu su suka yarda a raba a shafin MAME, kamar Gridlee da Robby Roto, da sharaɗin ba na kasuwanci ba, kuma sun isa mutum ya koyi duk umarnin da na ambata. Na gaya wa mai askinmu ma baki da baki, ranar da ya fara karɓar kuɗi a hannun yara kan injin nan, ya shiga haƙƙin mutane.

TAMBAYA: Malam, ni tela ce a Asawase. Yarana uku suna wasa a tsohuwar laftof ɗin babansu, batirinta ya mutu, sai a jikin wuta. Babban yakan ɓata lokaci yana tsara maɓallai, da an ɗauke wuta komai ya goge, har makin da suka ci, sai faɗa ya tashi kan wa ya fi wa. Akwai magani?
Daga wata uwa, Asawase.

AMSA: Hajiya, Allah ya raya su, ya shirya mana su. Akwai magani, kuma rabinsa ba ya cin ko sisi. Tsarin maɓallai da ake yi ta hanyar danna Tab ba ya shiga mame.ini. Yana zuwa foldar cfg ne, na kowa da kowa a default.cfg, na kowane wasa a fayil mai sunansa, kuma MAME tana rubuta su ne lokacin da aka fita daga wasan ta ƙofa, wato da Esc. In dumso, wato ɗaukewar wuta, ta riga Esc, aikin ya tafi. Ki ce wa babban, da ya gama tsarawa kar ya fara wasa, ya fita tukun, ya sake shiga, ya ga sun zauna. Sannan ya kwafe foldar cfg ɗungurum a filashi. In wata rana ta rikice, ko don an tashi manhajar ba a soka abin wasan hannu ba, wanda tsofaffin MAME kan manta da tsarinsa a irin haka, sai ya mayar da kwafin.

Maki kuwa, yawancin injunan farko ba sa riƙe shi ko a zamaninsu, da mai kanti ya kashe soket da dare ya goge. MAME tana da ɗan ƙari mai suna hiscore da ke gyara wannan ga wasanni da yawa. A gwada da mame gridlee -plugin hiscore, a sa sunan wasansu a wurin gridlee, in ya yi sai a buɗe plugin.ini a mayar da layin hiscore ya zama 1. Wani zai ce miki a sa autosave 1. Yana da amfani, yana mayar da yaro daidai inda ya tsaya, amma shi ma sai an fita da Esc yake ajiyewa, kuma ba kowane wasa ne ya yarda da shi ba, saboda haka bai magance ɗaukewar wuta ba.

Abin da ya fi damuna ba makin ba ne, faifan ajiyar laftof ɗin ne. Mu da muka yi gyara a shekarar 2015, lokacin da dumso ta yi tsanani, mun ga yadda yankewar wuta a kai a kai ke lalata Windows, wani lokaci har da hotunan iyali da ba su da kwafi. Ki kifa laftof ɗin, ki zare batirin, akwai lamba a jikin takardar da ke manne da shi. Ki ba babban ya kwafo ta daidai, harafi da harafi, ya tafi da ita wajen masu kayan kwamfuta a Adum, kuma kar ya biya sai an saka batirin an zare waya a gabansa ya ga allon bai mutu ba.